Miƙa Wa Aboki Amsa A Ɗakin Jarrabawa: Taimako Ne Ko Shaidar Zur?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk sa'ad da jarrabawa ta ƙarato a kwalejoji da jami'o'i, akwai wata mas'ala da takan taso tsakanin ɗalibai, musamman masu koyon aikin akanta. Ba ta mai satar amsa ba ce, domin shi ya san abin da ya aikata, shi ya sa yake cusa takarda cikin hula ko safa. Mas'alar ta mai bayarwa ce, watau ɗalibin da ya yi karatunsa ya ƙware, sa'an nan ya hangi abokinsa ya kafe a kan tambaya guda, alhali ya san sai da uban yaron ya sayar da hatsi kafin ya biya kuɗin makaranta. Sai ya ɗan karkata takardarsa. A ganinsa bai ɗauki kome na kowa ba, ilminsa ne ya yi sadaka da shi.

Lalle wannan tausayi ba abin rainawa ba ne. Sai dai akwai mutum na uku wanda ba ya cikin ɗakin, shi ne kuwa aka manta. Abin da kwaleji ke bayarwa a ƙarshe sunansa takardar shaida, kuma sunan ya isa bayani. Shaida ce ga waɗanda ba su taɓa ganin ɗalibin ba, cewa wane ya iya riƙe littafin kuɗi. Da ita ƙaramar hukuma za ta damƙa masa baitulmalinta, da ita ƙungiyar manoma za ta ba shi ajiyar gumin membobinta. Wanda ya miƙa amsa ya sa hannu cikin wannan shaida, yana sane ƙarya ce. Buhari da Muslim kuwa sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye. Muslim ya kuma ruwaito labarin mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Annabi ya tura hannu ya taɓo damshin, ya kuma barranta daga mai algus. Takardar da maki ya cika samanta, ƙasanta babu sani, ai wannan tsibin abincin ne.

Abin ya fi nauyi a fannin akanta saboda yadda aikin yake. Ƙa'idarsa ita ce kowane kuɗi a shigar da shi sau biyu, sau ɗaya a gefen hagu, sau ɗaya a gefen dama, sa'an nan a haɗa jimilla a ga ko ɓangarorin sun yi daidai. Amma tun a shekarar farko akan koya wa ɗalibi cewa daidaituwar jimilla ba ta tabbatar da gaskiyar littafi. In an bar naira dubu ɗari ba a rubuta ta ko'ina ba, hagu da dama za su yi daidai. In an rubuta bashin wani da sunan wani, nan ma za su yi daidai. Ashe ke nan lissafi ba ya tsare kansa, sai mai riƙe da alƙalami. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi, ta kuma ɗora wa marubucin yin adalci. Haka Annabi Yusufu (AS), da ya nemi a ɗora shi bisa taskokin Masar, siffa biyu ya ambata: tsarewa da sani. Wanda aka miƙa wa amsa bai sami sanin ba, mai miƙawar kuma ya tauye tasa tsarewar tun bai fara aiki ba.

Hukuma ta gwada tsanani. Bayan fitar tambayoyin jarrabawar WAEC a 1977, gwamnatin soja ta kafa dokar 1984 mai ɗaurin shekara 21, daga baya aka yi wata a 1999. Duk da haka maguɗi bai ƙare ba, don mai tsaron jarrabawa ido biyu gare shi, ɗalibai kuwa ɗari.

To, ina haƙƙin abota? Yana nan, amma lokacinsa kafin shiga ɗaki ne. Akanta ba hadda ba ce, aikin hannu ne, sai an yi ta maimaitawa. Cibiyar ICAN, wadda aka kafa a 1965, tana fitar da tambayoyinta na baya tare da amsoshinsu, kwalejoji ma suna da nasu. Ɗalibin da ya zauna da abokinsa mako uku suna warware su, yana nuna masa inda yake juya hagu da dama, ya yi sadakar da yake nufi, ta kuwa fi karkata takarda wuya nesa ba kusa ba. In duk da haka abokin ya faɗi, darasi guda ya faɗi, zai sake rubuta shi, ko da zai yi 'yan kwanaki yana fushi.

Wanda kuwa ya riga ya karɓi takarda ta wannan hanya, ƙofar tuba a buɗe take. Sai dai nadama kaɗai ba za ta koya masa babin da ya tsallake ba. Wajibi ne ya koma ya koye shi kafin ya sa hannu a littafin kuɗin jama'a.