Talatu da Faifan Gyaɗa

A wani ƙauye kusa da Wudil, Talatu ta kai aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Tana can layin baya, in malam ya karanta Turanci aji ya amsa da ƙarfi, sai ita ma ta motsa baki. Haka ake ta ciyar da ita gaba duk shekara. Da aka cire gyaɗa, innarta ta ɗora mata faifan talla, makaranta kuma sai labari.

Malamin ajin ya bi sawu har gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, karatu fa kyauta ne a Kano, gwamnati ta mai da shi dole tun 2019."

Inna ta ce, "Malam, na ji. Shekara uku tana zuwa, takardar asibiti ma sai na kai wa maƙwabta su karanta min. Talla kuwa ko ba komai ana samun na cefane."

Malam ya rasa ta cewa, don gaskiya ta faɗa.

A lokacin ne aka kawo wa makarantun Wudil da Dawakin Tofa wata dabara da ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro a Indiya. Ba a duba ajin yaro ko shekarunsa. Ana gwada kowa shi kaɗai: wa ya san harafi, wa ya kai kalma, wa ke karanta labari? Sai a raba su rukuni-rukuni, a koyar da Hausa, kowa daga inda ya tsaya. Manhaja ta jira, ai ba gudu za ta yi ba.

Malam ya koma ya roƙi inna wata biyu kacal. Talatu ta zauna a tabarma da 'yan rukunin haruffa, wasu ma ƙannenta ne. Da farko kunya ta hana ta ɗaga kai. Da tsinke suke zana "ba, bi, bu" a ƙasa, lissafi kuma da ƙullin karare, goma-goma.

Ran nan inna ta dawo daga asibiti, Talatu ta karɓi ledar magani tana tsintar haruffan da ma'aikaciya ta rubuta: "Sa-fe da yam-ma."

Inna ta aika a gaya wa malam: talla sai bayan la'asar, kuma ƙanwar Talatu ma a rubuta sunanta.