Gaisuwar Sallah a Bakin Kirista

Duk lokacin da Sallah ta gabato akan ji masu bi suna tambaya ko ya halatta Kirista ya ce wa maƙwabcinsa Musulmi "Barka da Sallah". Wasu har mayar da kwanon naman da aka aiko musu suke yi, don tsoron kada karɓarsa ta zama musun bangaskiya.

Ubangijinmu ya riga ya amsa. A Matiyu 5:47 ya nuna cewa mai gaida 'yan'uwansa kaɗai bai fi kowa da kome ba. Ikilisiya ma ba ta yi shiru ba. A shekarar 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta bayyana cewa tana duban Musulmi da girmamawa, gama suna yi wa Allah ɗaya sujada, suna kuma darajanta Budurwa Maryamu. Tun 1967 fadar Paparoma take aika musu da gaisuwa a ƙarshen azumin Ramadan. Ashe mu ne za mu fi Paparoma kishin addini?

Gaisuwa ba ta raba mu da shaidarmu cewa Yesu Ɗan Allah ne, kamar yadda maƙwabcinka ba ya zama Kirista don ya ci shinkafar Kirsimeti a gidanka. Amma kwanon da aka mayar yana koya wa 'ya'yanmu tsoron mutumin da katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi, Kaduna da Jos kuwa sun ga inda wannan tsoro yake kaiwa.

Saboda haka ran Sallah kada ku jira sai an aiko. Ku je ƙofarsa da kanku, ku tafi da yara.