Guzuri da Tawakkali a Kan Keke

A watan Janairun 1963, lokacin da Turai ke fama da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, wata 'yar ƙasar Ireland mai suna Dervla Murphy ta hau kekenta daga Dunkirk a arewacin Faransa ta nufi Indiya. Ba da ka ta fita ba. Ta sa an cire giyar keken don kada ta lalace mata a inda babu mai gyara, ta aika da tayoyi ta gidan waya zuwa garuruwan da ke gabanta, ta kuma jefa ƙaramar bindiga a aljihu. Duk da wannan tanadi, ƙanƙara ce ta yi mulki a makonnin farko. Hanyoyi suka toshe, ya zamana wani lokaci sai manyan motoci sun ɗauke ta da keken, a Yugoslabiya kuwa sai da ta harbi kyarketai da suka far mata da dare. Ba ta isa Delhi ba sai a watan Yuli.

Kwanakin farko su ne ke tona asirin shiri. Mai keke ba ya iya ɗaukar ruwan da zai wuce kwana ɗaya ko biyu, balle abincin wata shida. Kafin mako ya zagayo dole ya tsaya a ƙofar wani ya yi sallama. To, wanda ya fita yana sane da haka, tawakkali ya yi, ko kuwa ɗora wa mutane nauyi?

Tambayar ta girmi keke. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna tafiya Hajji ba guzuri, suna cewa su masu dogaro ga Allah ne, amma da sun isa Makka sai su shiga roƙo. A kansu aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin a yi guzuri. Haka nan hadisin Tirmizi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara. Ke nan shari'a ba ta yarda mutum ya mai da aljihun jama'a jakar guzurinsa, ya kira hakan ibada ba.

Sai dai labarin Mamadou Safayou Barry ya ƙi shiga wannan ma'auni cikin sauƙi. Ɗan Gini ne, mai shekara 25 a lokacin, da ke son karatu a Jami'ar Azhar, ba shi da kuɗin jirgi. A watan Mayun 2023 ya hau keke ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, hanyar da ko mai mota ke shakkar wasu sassanta saboda 'yan bindiga. An tsare shi sau biyu a Burkina Faso, sau ɗaya a Togo. Bayan kusan kilomita 4,000 ya isa Chadi, inda wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa, mutane suka haɗa masa kuɗin jirgi. Ya sauka Alƙahira a watan Satumba, Azhar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta.

Za a iya cewa ya yi ganganci, kuma mai faɗin haka bai yi ƙarya ba. Amma bai yi kama da mutanen Yaman ba. Su suna da halin yin guzuri suka ƙi. Shi kuwa ya kashe abin da yake da shi, wato keke da ƙarfin cinyarsa, har suka kai shi inda suka iya.

Shari'ar da ta hana fita ba guzuri ita ce kuma ta ware wa matafiyin da guzurinsa ya yanke kaso a zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: kada tafiyar ta zama ta saɓo, kuma in mai hali ne a garinsu, sai in ya rasa mai ba shi rance. Abin lura, ba su ce sai an bincika ko ya yi wauta wajen fita ba.

Alhazan ƙasar Hausa na da, masu tafiya a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, sun warware matsalar ta wata hanya dabam. Guzurinsu sana'a ce. In kuɗi ya ƙare sai su yada zango su yi noma, ko ɗinki, ko koyar da allo, daga baya ma har aikin auduga a gonakin Jazira a Sudan, su tara abin da zai kai su zango na gaba. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma ba su ƙarasa ba, jikokinsu ne ke zaune yau a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.