Injin Fijo da Hannun Bakanike

A shekarar 1983 kamfanin Peugeot ya daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a Faransa. A ganinsu ta ci zamaninta, tunda tun 1968 take kasuwa, ga kuma 505 ta fito. Amma a Kakuri ta Kaduna, inda aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a 1975, sai da aka ƙara fiye da shekara 20 ana fitar da ita sabuwa dal. Har gobe, in ka leƙa tashar wani ƙauye ranar kasuwa, da wuya ka rasa tsohuwar Fijo, fenti ya koɗe, ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta, an lafta mata buhunan masara har gindinta na neman jan ƙasa. Direba ya murza makulli, ko yaran tasha su ɗan tura, sai ka ji ta ɗauka.

In ka tambayi masu zama a bencin tasha abin da ya raya ta, amsar ɗaya ce: ƙarfen da ne, yanzu ba a yin irinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ban gamsu ba. Ƙarfe bai ƙare a duniya ba, kuma masu narka shi a yau sun fi na wancan zamani sanin aikinsu nesa ba kusa ba. Injin Fijo yana lalacewa kamar kowane inji. Yana cin ringi, yana ƙona gasket, wani lokaci ma ya buga gaba ɗaya a tsakiyar daji. Abin da ya bambanta shi, waɗanda suka zana shi sun yarda tun farko cewa zai lalace, sai suka bar ƙofa a buɗe ga wanda zai gyara.

A je gareji a ga an sauke ɗaya. Injin ne mai silinda huɗu, wanda aka fi sani girmansa bai cika lita biyu ba, an kwantar da shi a karkace cikin mota. Gangar jikinsa, wato bulok, baƙin ƙarfe ce mai nauyi, kansa kuma na alminiyom. Abin da ya fi jan hankali shi ne ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki. A yawancin injuna, a jikin bulok ɗin aka huda su. In sun suɗe, sai an ɗauki bulok ɗin dungum an kai wa masu injin faɗaɗa rami, a sa fistin da ya fi na da girma. Sau biyu ko uku za a yi haka, nama ya ƙare, sai jifa. A Fijo kuwa kowane rami bututu ne mai zaman kansa, wanda kanikawa ke kira silif, an zura shi cikin bulok ruwan lagireto na kewaya shi kai tsaye. Ranar da ya suɗe, bakanike ya zare huɗun, ya sayo sababbi haɗe da fistin da ringinsu, ya zura, ya ɗaure. Cikin injin ya koma awonsa na ranar da ya bar Kakuri. Ana iya yin wannan a gindin bishiya, da sifana da ɗan kasko na fetur don wanke hannu, kuma ana iya maimaitawa muddin bulok bai tsage ba. Don haka in ka ji an ce wannan injin ya shekara 40 yana aiki, ka sani ƙashin ne ya shekara 40. Kayan cikin an sake su ba sau ɗaya ba.

Sai kuma rashin takura. Daga wannan kusan lita biyu, mai kafireto bai ba da ƙarfin doki 100 ba. Yau akwai injin da bai wuce rabin girmansa ba amma ya fi shi ƙarfi, don an matse shi, an ɗura masa iska da ƙarfi, an tatse duk abin da zai iya bayarwa. Na Fijo yana aiki ne da saura a jikinsa. Sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinsa, ba bel na roba ba, kuma sarƙa kafin ta ci amanarka sai ta daɗe tana ƙara. Ba wannan kaɗai ya sa ta yi suna ba, ƙafafunta ma sun san gargada, shi ya sa ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da ba su fi namu na damina kyau ba. Amma ƙafa ba ta kai mota ko'ina in inji ya ƙi.

Abin da ya fi burge ni da irin waɗannan injuna shi ne ba sa ɓoye ciwonsu. Direba zai shigo gareji ya ce, "Oga, kwana biyu tana shan baƙin mai, kuma da safe sai ta yi ta tari." Ogan ba zai ce komai ba tukuna. Zai sa yaro ya tayar, ya zaga baya ya dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ya tafi. Baƙin hayaƙi, kafireto ke ba da fetur fiye da kima. Fari mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ya sami hanya, a duba gasket. Zai kwance filogi ya dubi launin bakinsa. Zai ɗora tsinin dogon sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya gaya maka ko tafet ne ke neman seti ko mital ne ya fara kuka. Babu abin da ke faruwa a cikin injin nan wanda ido da kunne da hanci da tafin hannu ba za su iya kaiwa gare shi ba. Direban da ya daɗe da ita ma rabin bakanike ne. A aljihun ƙofa yana da fanbel na ko-ta-kwana, da kwantak, da guntun sanfefa. In ta mutu masa tsakanin Birnin Gwari da Tegina, zai buɗe distiributa ya goge bakin kwantak, ya busa jet ɗin kafireto, fasinjoji na sallar La'asar a gefen titi, kafin su shafa addu'a ta tashi.

Wannan ilimi bai faɗo daga sama ba. Yawa ne ya haifar da shi. Gwamnatin soja ta shekarun 1970 ta mai da 504 motar hukuma, ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya sayi irinta, 'yan kasuwa suka sa wagon ɗinta a dogon zango, a-kori-kura ta ɗauki kayan gona. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassanta daga Lyon zuwa Kano, sannan a bi da su hanya zuwa Kaduna. Kuma dangin injin ɗaya ne tun daga 404, ya bi ta 504, ya shiga 505, har cikin J5 mai fetur. Yaron da ya koyi ɗaya ya koyi duka. Mai shago a Panteka ko Ƙofar Ruwa ya san in ya ajiye kayan Fijo ba za su kwana masa ba, kuma haka abin yake a Maraɗi da Damagaram. Abin ya yi kama da ginin ƙasa. Hasumiyar masallacin Agadas ta daɗe a tsaye ba don ruwa ba ya cin laka ba, sai don a garin akwai magina, akwai ƙasar, akwai al'adar yaɓe. Ka ɗauke magina, ka ga abin da damina goma za ta yi.

Sai dai a yi wa zamani adalci. Waɗanda muke gani a tasha su ne suka tsira. Dubban 'yan'uwansu sun daɗe da zama tukwane da rodi, babu mai tuna su in ana kirarin ƙarfen da. Kuma injin zamani da ake ba shi haƙƙinsa yakan yi tafiyar da ta ninka ta Fijo kafin a taɓa kwance kansa, yana shan mai kaɗan, ba ya turnuƙe unguwa da hayaƙi, da asubar hunturu ba ya neman a roƙe shi. Fijo kuwa kullum da 'yar buƙatarta. Kan nan nata na alminiyom ba ya son zafi, in ruwa ya ƙafe direba bai lura ba, sai ya lanƙwashe. Mu ma mun ƙara mata da namu: sau nawa aka cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa aka jefar, wai ta ƙasar sanyi ce, aka cika lagireto da ruwan rijiya har tsatsa ta toshe shi? Duk da haka ta yi haƙuri da mu. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma ba kowace tsohuwa ce zuma ba.

Bambancin yana fitowa ne ranar da na zamani ya ƙi. Kwamfuta ce ke auna masa mai da iska da wuta, tana jin bayanai daga ƙananan na'urori da aka sossoka ko'ina a jikinsa. In ɗaya ta rikice, wuta ta kama a gaban direba, kunne da sukundireba ba su da abin cewa. Sai an jona masa na'urar bincike ta karanto lambar ciwon, kuma sau da yawa maganin shi ne a cire abu a sa wani, don ba a yi shi yadda za a buɗe ba. In kuwa ya buga, shawarar da za a ba ka ita ce kada ka ɓata kuɗinka, ka je ka sayo ɗan Beljiyam a ɗora. Wato ka sayi sauran kwanan injin da wani ya riga ya ci amfaninsa a Turai. Ba laifin injin ba ne. An ƙera shi don ƙasar da ladan awa ɗaya na bakanike ya fi kuɗin kayan tsada, mu kuwa a nan hannu ne mai araha, kaya ne mai tsada.

Wannan tunani nakan yi shi a wuraren da babu mota ko ɗaya. Famfon burtsatsen da aka kafa a ƙauye da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu awaki ke kwana a gindinsa, don abin da ya lalace a cikinsa babu mai sayar da shi a faɗin ƙaramar hukumar. Na'urar asibiti da aka rufe da zane tana jiran injiniya daga wata ƙasa. Taraktocin da ke jere a harabar ofis ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu. Lokacin sayen su an tambayi farashi, an tambayi ƙarfi, an tambayi ƙasar da ta ƙera. Ba a tambayi wa zai buɗe shi a nan kusa ba, da me zai buɗe, kuma a wace kasuwa zai sami abin da zai mayar.

Ita kanta Fijo yanzu ƙasar tana zamewa a ƙarƙashinta. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita da kafireto ya zuƙa sai direba ya ji ta a aljihu, kuma lissafin lodi bakwai zuwa Zariya ya daina fita kamar da. Kayan gyara na asali sun yi wuya, na jabu sun cika kanti, ka sa sabon ringi yau bayan wata uku ta koma hayaƙi, a zagi motar alhali ba ita ta yi ba. Yaran da ake kawowa gareji kuma, da gaskiyarsu, sun fi son zama kusa da mai na'urar bincike, don can Corolla da Sienna ke layi. Ogan da ya iya zaunar da silif huɗu daidai wa daida, ruwa bai ɗiga cikin baƙin mai ba, furfura ta cika masa gemu, kuma a garejoji da yawa shi kaɗai ake jira ya dawo daga masallaci in an kawo Fijo.