Baƙo da Ƙofar Gari

A ƙasar Gaya da Ajingi, da zarar an kawar da amfanin gona, sai baƙi su fara sauka. Akwai ɗan cin rani mai neman ƙwadago, da mai tallan magani, da Buzu mai raƙumi, da malami tafe da almajiransa. Waɗansu daga cikin Nijeriya su ke, waɗansu kuwa daga Damagaram ko Magarya ko Matamai, watau daga Jamhuriyar Nijar. Ajingi ba a bakin iyaka ta ke ba, amma tana maƙwabtaka da Jihar Jigawa, Jigawa kuwa ita ce ta yi iyaka da Nijar ta wajen Maigatari da Ɓaɓura. Saboda haka duk abin da ya auku a iyaka, ba a daɗewa a kan ji ɗuminsa a kasuwannin Ajingi da Toranke da Balare, ko ga farashin raguna ko ga na gero.

Shi ya sa in aka ji a rediyo cewa gwamnati ta rufe iyaka, ko ta ce baƙi su fita, gardama ta kan tashi a zaure bayan sallar lisha. Abin lura shi ne, masu gardamar nan duk Musulmi ne, yanzun nan suka fito daga sahu ɗaya, kowannensu kuma da addini ya ke kafa hujja.

Kashi na farko su ne masu cewa a tsare iyaka da ƙarfi. In dattijo daga cikinsu ya buɗe baki, ba ya rasa ambaton Maitatsine. Muhammadu Marwa mutumin ƙasar Kamaru ne. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi a 1962, daga baya ya komo ya zauna a 'Yan Awaki, har fitinarsa ta ɓarke a watan Disamba na 1980, aka yi asarar rayuka fiye da 4,000 a cikin birnin Kano. Sai dattijon ya dubi liman ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai baƙo ba sallama mugu ne, wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari. Allah ya ɗora wa shugaba tsaron dukiya da jinin talakawansa, ya kuma ɗora wa talakawa bin doka. Wanda ya shigo ba da izini ba ya karya doka, ko da kuwa da tasbaha a hannunsa." A zamanin nan sun sami ƙarin hujja, domin tun da mulkin Gaddafi ya faɗi a Libiya a 2011 bindigogi suka bazu cikin Sahara, ga kuma abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ba mai hankalin da zai ce tsoron nan na banza ne.

Kashi na biyu su kan ce baƙonka Annabinka. Su kan tuna wa 'yan'uwansu cewa sahabbai sun yi gudun hijira zuwa Habasha, sarkinta Kirista ya karɓe su, ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Ƙidayar shekarun Musulmi ma daga Hijira ta fara, a 622, sa'ad da mutanen Madina suka raba gidajensu da gonakinsu da baƙin Makka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Sa'an nan su ce, "Ranka ya daɗe, wace iyaka? Ingila da Faransa ne suka zauna suka ja layi a bisa takarda, suka yi ta gyara shi daga 1890 har 1906. Layin ya bar Katsina a kudu, Maraɗi a arewa, alhali sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne. Yaya za a ce da Bahaushen Magarya baƙo a ƙasar Hausa?"

Kada mai karatu ya zaci gardamar nan a ƙasar Hausa kaɗai a ke yinta. A Amurka akwai wata ɗariƙa da a ke kira Momon, wadda Joseph Smith ya kafa a 1830, mabiyanta kuwa sun fi yawa a jihar Yuta. Kakanninsu sun sha kora. An fitar da su daga jihar Misuri a 1838, aka kashe shugabansu a 1844, suka ƙetare daji da duwatsu suka sauka a bakin wani tafkin gishiri a 1847, lokacin wurin yana cikin ƙasar Meziko. Amma kuma cikin aƙidarsu akwai biyayya ga hukuma da girmama doka. To, da maganar mutanen da ke shiga Amurka daga Meziko ba takarda ta yi zafi, sai suka rabu kashi biyu, kamar dai zauren Ajingi. A 2010 wani ɗan majalisa ɗan ɗariƙar, Russell Pearce, ya kawo doka mai tsanani a jihar Arizona don a riƙa bincikar takardun waɗanda a ke zargi. A watan Nuwamba na shekarar manyan Yuta suka fitar da wata takarda mai kiran a yi sassauci, kada a raba miji da mata ko uwa da ɗa, shugabannin ɗariƙar kuma suka goyi bayanta. A 2011 suka ƙara bayani cewa ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, amma baƙo ɗan Adam ne, maƙwabci ne. A ƙarshen wannan shekara aka kayar da Pearce a zaɓe, wanda ya kayar da shi kuwa, Jerry Lewis, shi ma ɗan ɗariƙar ne.

To, ina gaskiya ta ke? Mutanen kashi na farko sun yi daidai da suka ce gari yana bukatar ƙofa. Ganuwar Kano ba don ado aka gina ta ba. Kowace ƙofa da sarkinta, in dare ya yi a rufe, wanda ya makara ya kwana a waje sai gari ya waye. Ba a taɓa jin malamin da ya ce wannan zalunci ne ba. Amma su tuna cewa magina ganuwar nan sun bar mata ƙofofi fiye da goma, ta cikinsu kuwa arzikin Kano ya shigo. Mutumin Gaya ya fi kowa cancantar sanin haka, domin bisa ga labarin da aka gada, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka tafi neman tama, zuriyarsu ce a ke kira Abagayawa. Ashe Kano kanta baƙi suka kafa ta. Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, suka ƙarfafa Musulunci. Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka zamanin Muhammadu Rumfa. Wanda ya zaga birni zai tarar da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa, kowane suna yana faɗin inda mutanensa suka fito. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma, daga Agalawa ya fito, su kuwa asalinsu daga arewa ne, wajen ƙasar Buzaye.

Inda kashi na farko su kan yi tuntuɓe shi ne kuɗin goro, watau a haɗa mai laifi da marar laifi a yanka musu hukunci ɗaya. Hausawa sun ɗanɗana ɗacin wannan da bakinsu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Yarbawa da Hausawa 'yan zango, waɗansunsu a can aka haife su, kakanninsu fataken goro ne. Suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da waɗansu ba su taɓa gani ba. Aka yi ta Allah wadai a nan. Shekara 13 da 'yan watanni bayan haka, ran 17 ga Janairu 1983, ministan harkokin cikin gida na Nijeriya, Alhaji Ali Baba, ya yi irin wannan shela, shi ma mako biyu ya bayar. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu mutanen Gana ne, saura daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Binin. Kuɗin man fetur ya faɗi a lokacin, aiki ya yi wuya, aka kuma riƙa tuna wa jama'a Maitatsine. Amma da yawa daga cikin mabiyan Maitatsine 'yan ƙasa ne, ba kuma malamin makaranta daga Kumasi ko mai gadi daga Tawa ne ya ɗauki makami a 'Yan Awaki ba. Korar ba ta hana fitinar sake tashi a Yola a 1984 da Gombe a 1985 ba.

Har wa yau, in aka saba da cewa wane baƙo ne a kore shi, takobin ba ya tsayawa a kan baƙi. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, aka kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta ce a mayar da shi gida.

Rufe iyaka ma an gwada shi ba sau ɗaya ba. An rufe daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ya zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin, suka ce da ita El-Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, sa'an nan daga juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 zuwa Maris 2024. Iyakar nan tsawonta ya kai kilomita 1,500, yawancinta fili ne da gonaki. Mai mugun nufi ba ta gaban ofishin kwastan ya ke bi ba, da babur ya kan ratsa daji cikin dare. Wanda ƙofa ke tsarewa shi ne mai gaskiya, mai kora raguna zuwa kasuwar Maigatari, da matar da za ta sunan jikanta a ƙetare. Masu shinkafar gida sun ji daɗin rufewar 2019, wannan gaskiya ne, manoma da yawa sun samu. Amma mai saye da kwano ya ji jiki.

Su ma kashi na biyu akwai inda su kan zame. Cewa Turawa suka ja layi bai sa layin ya ɓace ba. Yau akwai gwamnati biyu, da kuɗi iri biyu, da doka iri biyu, wanda kuma ya ce a bar kowa ya shiga ba tambaya, ba shi ne zai kwana a ƙauyen da aka kai wa hari ba. Ko yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979, wadda ta yarda mutum ya shiga ƙasar maƙwabta ba biza, kwana 90 ta ba shi, kuma da takardar tafiya a hannu.

Mutanen dā suna da hanyar da ta haɗa karamci da tsaro, ba su kuwa ga saɓani tsakaninsu ba. Baƙo ba ya kwana a gari sai yana da mai masauki. Falke ya sauka wurin fatoma, malami ya sauka wurin liman. Kashegari mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a tambaye shi sunansa da garinsu da sana'arsa da abin da ya kawo shi. In ya nemi gona a ba shi, in shekara ta kewayo malamin haraji ya sa sunansa a littafi. In ya yi ɓarna, mai masaukinsa a ke fara kira. Ta haka kowane baƙo yana da fuska da suna, ana kuma auna shi da aikinsa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, ba kuwa talakan da ya yi kukan rabuwa da su, gama an sha azaba a kansu. Sai dai littafin nan da a ke rubuta kowane magidanci duk shekara ya tafi tare da harajin, aikin sanin mai shiga da mai fita kuma ya yi rauni a hannun masu unguwanni.

Wurin da maganar ta fi nauyi shi ne nan. A ce ga mutum ya zo daga Damagaram lokacin farin 1973, yana saurayi, ba takarda ko ɗaya. Dagaci ya ba shi gona, ya auri 'yar gari, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, shi ke kiran sallar asuba a masallacin unguwa. Ran nan sai ga umarni daga sama, a rubuto sunayen baƙin da ba su da izinin zama. Bisa ga doka mutumin nan yana cikinsu. Mai unguwa ba shi da ikon yin ƙarya, gama amana aka ba shi, in kuma ya ɓoye wannan yau, gobe wani zai ɓoye ɗan fashi da irin hujjarsa. Amma in ya rubuta suna kurum ya miƙa, ya faɗi rabin gaskiya ne, rabin gaskiya kuwa a nan yana iya raba tsoho da jikokinsa. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya rubuta sunan, ya rubuta shekarun da mutumin ya yi a gari, da iyalinsa, da shaidar liman da ta maƙwabta, sa'an nan ya sa rigarsa ya raka shi wurin dagaci, daga nan zuwa wurin hakimi, har ofishin shige da fice a Kano in ta kama, ya tsaya a kan a ba shi takardar zama. In kuwa wanda aka tambaya a kansa jiya ya sauka, ba mai masauki, ba ya faɗin garinsu, da dare kaɗai a ke ganinsa, to, mai unguwa ya kai rahotonsa tun kafin a tambaye shi, ko daga Damagaram ya zo ko daga Wudil.