Gwiwar da Ta Kumbura: Tsakanin Zato da Yaƙini

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, noman rani ya zama rayuwar Kadawa, Garun Mallam, Kura da Bunkure. Manomi kan yini cikin ruwa da laka, don haka idan gwiwarsa ta kumbura, amsa na bakin kowa: sanyi ne. A nemi wanzami ya yi ƙaho, ko a leƙa kemis. Sau da yawa sanyin ne ko targaɗe. Amma wani lokaci ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar suka tara mugunya, kuma cikin 'yan kwanaki suna iya cinye guringuntsi, mutum ya gurgunce. Masu sikila na cikin waɗanda abin ya fi yi wa barazana.

Hanyar tabbatarwa ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da allura, a raini ƙwayoyin a ɗakin gwaje-gwaje, abin da kan ci kwana 2 zuwa 3 ko fiye. A 2011 likitoci a Amurka suka nuna cewa tsinken gwajin fitsari, idan aka ɗiga masa ruwan gaɓa, yakan sauya launi cikin minti 2 idan fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa. Sai dai jini a cikin ruwan na ɓata sakamakon, tsinken kuma ba ya faɗin wace ƙwaya ce. Alama yake bayarwa.

To, ya halatta a buɗe gwiwar mutum a wanke ta bisa alama kawai?

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan. Matafiyin da alƙibla ta rikice masa a daji ba ya zama jiran tabbas har lokaci ya fita. Zai duba rana da taurari, ya yi ijtihadi, ya yi sallarsa. Mara lafiyan da ya rinjayar da cewa ruwa zai cutar da shi yakan yi taimama. Wato rinjayen zato hujja ce ta aiki idan jira zai kawo asara. Ibnu Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne kuma likita, kuma duk sana'o'in biyu yanke hukunci ne kafin komai ya gama bayyana. Mai cewa ya bar wa Allah alhali gwiwa na zafi da zazzaɓi, shi ma zato ya bi, zaton cewa sanyi ne, ya raɗa masa suna tawakkali.

Tsinken yana da araha. Abin da ke wuya shi ne hannun da ya iya soka allura cikin gaɓa da tsabta. Kafin a samu irin wannan hannu a ƙananan asibitoci, gwiwar da ta kumbura dare ɗaya, ga zazzaɓi, ga kasa takawa, motar Kano ya kamata a nema mata, zuwa asibitin ƙashi na Dala ko asibitin Malam Aminu Kano, a ranar.