Guduma ko Sanin Halin Ƙarfe?

Makaniken da zai sa sabon boris a tayar babur yana da hanya biyu. Ko ya ɗauki guduma ya yi ta dukansa har ya shige, ko ya bi ƙarfen ta halinsa.

Hanya ta biyu ba ta da wuya. Ana sa boris a leda a bar shi cikin firiza ya kwana, sannan a ɗumama mazauninsa na alminiyam zuwa kamar digiri 100. Sanyi yana tsuke ƙarfe, zafi yana buɗa shi, kuma alminiyam ya kusan ninka baƙin ƙarfe wajen buɗewa. Mazauni mai faɗin milimita 40 bai fi ya ƙaru da kaurin gashin kai ba, amma wannan ya isa boris ya zauna da ɗan turi kaɗan.

A nan tambayar take: makaniken ne ya mallaki ƙarfe, ko shi ne ya yi masa biyayya? Alƙur'ani ya ba da labarin yadda Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe. Waccan mu'ujiza ce. Sauran mutane an bar musu ƙa'idar da aka halicci ƙarfe a kanta, wadda ba ta sauyawa don gaggawar kowa. Nazarinta ma riƙo da sababi ne.

Akwai kuma batun amana. Dukan guduma yana iya lotsa hanyar da ƙwallayen boris ke bi, kuma mai babur ba zai gani ba sai taya ta fara ƙara a kan titi. Makaniken da ya san haka ya zaɓi guduma ya ci amanar mai babur.